Koyon Latin na Coci da Girkancin Sabon Alkawari: Tambayoyi da Amsoshi

Mai zuwa Misa ya daɗe yana furta harsunan nan biyu ko da bai lura ba. Kyrie eleison Girkanci ne, Gloria da Sanctus da Agnus Dei kuwa Latin ne. Mawaƙa da katikis da 'yan seminari da iyaye mata na zumunta sukan tambayi yadda mutum zai wuce haddar waɗannan kalmomi ya kai ga fahimtarsu. Ga tambayoyin da suka fi yawan fitowa.

Mene ne Latin na coci? Ya bambanta da na Romawan dā?

Harshe ɗaya ne, nahawunsu ɗaya. Wanda ya iya karanta marubutan Roma na kafin haihuwar Yesu zai karanta littafin Misa ba wahala. Bambancin yana wuri uku: kalmomi, tsarin jimla, da furuci. Kiristocin farko sun aro kalmomi da yawa daga Girkanci, irin su ecclesia, episcopus, baptisma da evangelium, wasu tsofaffin kalmomin kuma suka ba su sabuwar ma'ana. Jimlolinsu sun fi gajarta da miƙewa, domin an rubuta su ne don a karanta wa jama'a a ji da kunne, kuma da yawansu fassara ce mai bin sawun Girkanci da Ibrananci. Shi ya sa mai farawa yakan sami Latin na coci ya fi sauƙin shiga.

In Yesu bai yi wa'azi da Latin ba, me ya kawo shi cikin coci?

Gaskiya ne, harshen Yesu na yau da kullum Aramiyanci ne, kuma dukan littattafai 27 na Sabon Alkawari da Girkanci suka iso gare mu. Ko wasiƙar da Bulus ya aika wa Kiristocin birnin Roma kanta da Girkanci ya rubuta ta, kuma da Girkanci cocin Roma ta yi ta ibada na tsawon lokaci. Sai da yawan masu bi da ba sa jin Girkanci ya ƙaru aka koma Latin a hankali, har abin ya kankama a ƙarni na huɗu. Wato Latin ya shigo ne a matsayin harshen da talaka ke ji a kasuwa da gida.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a Afirka Latin na Kirista ya fara tsayawa da ƙafarsa. Rubutun Kirista na Latin mafi tsufa da aka san shekararsa shi ne bayanin shari'ar wasu masu bi da aka kashe a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, a shekara ta 180. Tertuliyan, wanda ya ƙera kalmomin tauhidi da yawa da ake amfani da su har gobe, mutumin Kartaj ne. Haka ma Waliyi Sifiriyan, bishop ɗin garin da aka kashe a 258. Waliyi Agustin (354 zuwa 430) ya yi bishop a Hippo, inda garin Annaba na Aljeriya yake yanzu. Ɗan Afirka da ya ɗauki Latin na coci ba baƙon gida ba ne.

Ba an daina Latin tun bayan Taron Vatikan na Biyu ba?

Ba a daina ba. Takardar wannan babban taro na bishop-bishop na duniya a kan ibada, wadda ta fito ranar 4 ga Disamba 1963, ta faɗi abu biyu a sakin layi na 36: a kiyaye Latin a ibadar cocin Yamma, sannan a faɗaɗa amfani da harsunan jama'a saboda amfanin masu bi. A sakin layi na 54 ta ƙara da cewa a kula masu bi su iya faɗa ko rera sassan Misa da suka shafe su da Latin tare. Abin da ya faru a aikace shi ne harsunan gida suka mamaye kusan komai, kuma mu da muke jin Bishara da Hausa ranar Lahadi mun san alherin da ke cikin haka.

Amma asalin littafin Misa, wanda daga gare shi ake fassara zuwa kowane harshe, da Latin yake, bugu na uku ya fito a 2002. Kundin dokokin coci na 1983 da Latin yake, kuma doka ta 249 ta ce a tabbatar 'yan seminari sun ƙware a Latin. Katikizim na cocin Katolika ya fara fitowa da Faransanci a 1992, amma bugun Latin na 1997 shi ne abin komawa. A 2012 Fafaroma Benedict na 16 ya kafa cibiya ta musamman don raya harshen, kuma da Latin ya sanar da murabus ɗinsa ranar 11 ga Fabrairu 2013. Wata 'yar jarida ta Italiya da ta iya harshen ce ta riga sauran abokan aikinta fitar da labarin.

Wane irin Girkanci ne na Littafi Mai Tsarki?

Ana kiransa Koine, wato na gama-gari. Bayan yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma, wanda ya mutu a 323 kafin haihuwar Yesu, Girkanci ya zama harshen ciniki da mulki daga Masar har Siriya da Asiya Ƙarama, kamar yadda Hausa take haɗa ƙabilu da yawa a kasuwannin Arewa. Da wannan harshe Yahudawan Iskandariya suka fara fassara Attaura a ƙarni na uku kafin haihuwar Yesu, aikin da ya bunƙasa ya zama fassarar da ake kira Septuagint. Yawancin ayoyin Tsohon Alkawari da marubutan Sabon Alkawari suka kawo, daga wannan fassara suka ɗauko su.

Ga ɗan Katolika wannan yana da ƙarin muhimmanci. Littafinmu Mai Tsarki yana da littattafai 73, kuma bakwai daga cikin na Tsohon Alkawari ta hannun Septuagint suka zo mana: Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabi na ɗaya da na biyu. Littafin Hikima da Makabi na biyu ma tun asali da Girkanci aka rubuta su.

Koine ya fi Girkancin masanan Atina na dā sauƙi, amma ba duk littattafan ke daidai ba. Yohanna da Markus suna da sauƙin bi. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa da ayoyi huɗu na farkon Luka kuwa sai mutum ya zauna da kyau.

Vulgata, wato fassarar Littafi Mai Tsarki ta Latin, fa? Ita coci ta fi ɗauka ko asalin Girkancin?

A 382 Fafaroma Damasus ya sa Waliyi Jerom ya gyara fassarorin Bishara na Latin, domin sun yi yawa kuma sun saɓa wa juna. Daga baya Jerom ya koma Baitalami a 386, ya duƙufa yana fassara Tsohon Alkawari kai tsaye daga Ibrananci, har wajen 405. Ba kowa ya yi murna ba. Agustin ya rubuta masa cewa a garin Oea, Tarabulus ta Libiya a yau, wani bishop ya karanta sabuwar fassarar littafin Yunusa, jama'a suka ji an canza sunan tsiron da ya yi wa annabin inuwa. Sun saba jin duma, sai ga wani tsiro mai yaɗo. Coci ta hargitse, har sai da bishop ya koma tsohuwar kalma don kada ya rasa jama'arsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake karɓar sabon littafin waƙoƙi a cocinsu ya san zafin wannan al'amari.

Sannu a hankali aikin Jerom, haɗe da gyare-gyaren wasu, ya zama Vulgata. Ita Gutenberg, wanda ya ƙirƙiro injin buga littattafai a Turai, ya buga wajen 1455. Babban taron bishop-bishop na Tirent a 1546 ya ayyana ta a matsayin fassarar Latin abin dogara wajen koyarwa da wa'azi, aka fitar da daidaitaccen bugu a 1592. Wasu sun ɗauka hakan na nufin ta fi asalin nassi. Fafaroma Pius na 12 ya warware wannan a wasiƙarsa ta 1943, inda ya bayyana cewa matsayin Vulgata na doka ne da amfanin coci, ya kuma umarci masana su koma harsunan asali. Taron Vatikan na Biyu ya nanata cewa a yi fassara musamman daga nassin asali. A 1979 Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙaddamar da Sabuwar Vulgata, wadda aka gyara bisa Ibrananci da Girkanci.

Saboda haka, in kana son jin abin da Markus ya rubuta, Girkanci za ka nufa. In kana son jin yadda Agustin da Toma Akwinas da addu'o'in Misa suka karanta Markus sama da shekara dubu, Vulgata ce hanyarka.

Wanne ya kamata in fara da shi?

Ya danganta da abin da kake nema. Ga mafi yawan 'yan Katolika ina ba da shawarar Latin, saboda haruffansa su ne na boko da ka sani, kuma ka riga ka haddace addu'o'i da waƙoƙi da za su zama littafin karatunka na farko. Wanda aikinsa wa'azi ne ko koyar da Littafi Mai Tsarki ko fassara, ya fara da Girkanci. Abin da ba na so shi ne a fara su rana ɗaya. Ƙarshen kalmominsu yana kama da juna ta yadda za su cakuɗe maka. Ka ba ɗaya shekara guda tukuna.

Mai jin Hausa yana da wata dama, ko sai wahala?

Yana da dama fiye da yadda yake zato, kuma abin takaici littattafan koyon da ake samu ba za su gaya masa ba, tunda an rubuta su ne don masu Turanci da Faransanci.

Na farko, jinsi. Bahaushe ya saba kowane suna namiji ne ko mace, kuma sifa tana bin sa: farin doki, farar riga. Latin da Girkanci haka suke, sai dai sun ƙara jinsi na uku wanda ba namiji ba mace. Na biyu, dogon wasali da gajere, wanda kunnenmu ke rarrabewa ba tare da an koya mana ba. Na uku, wanda ya taɓa zama gaban malamin Larabci ya ji li'irabi, ya san ƙarshen suna yana canzawa bisa aikinsa a jimla. Wannan shi ne ƙashin bayan harsunan biyu. Latin yana da irin waɗannan halaye shida, Girkanci biyar.

Dubi kalmar Ubangiji a cikin Misa. Fada ya ce Dominus vobiscum, Ubangiji ne mai aikatawa, ya kasance tare da ku. Mai karatu ya ce Verbum Domini, maganar Ubangiji, mallaka ke nan. Gratias agamus Domino, mu yi godiya ga Ubangiji. Per Christum Dominum nostrum, ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Kafin karɓar Jibi kuma kowa ya ce Domine, non sum dignus, ya Ubangiji, ban isa ba. Dominus, Domini, Domino, Dominum, Domine: wanda ya gane dalilin waɗannan canje-canje ya ci kusan darasi uku na farkon kowane littafin nahawu.

Dama mafi girma tana wajen aikatau na Girkanci. Harshen ya fi damuwa da yanayin aiki, ko an dube shi dunƙule ko yana ci gaba, fiye da lokacin da aka yi shi. Hausa ma haka take tunani. A addu'ar Ubangiji, Matiyu ya yi amfani da siga mai nuna bayarwa dunƙule, ka ba mu yau, Luka kuwa ya yi amfani da mai nuna maimaitawa, ka riƙa ba mu kowace rana. Mai Turanci sai an yi masa dogon bayani. Mu kuwa muna da riƙa da dinga da yi ta a bakinmu, shi ya sa fassarar Hausa ta Matiyu 7:7 ta iya cewa ku yi ta roƙo, ta kama sigar Girkancin daidai.

Wahalar kuma akwai ta. Hausa ba ta raba p da f, ba ta da v. A Latin pax salama ce, fax kuwa jiniya ce ta wuta, don haka sai an horar da leɓe. Haɗuwar baƙaƙe kamar a sanctus da Christus takan ja mu mu cusa wasali a tsakani. Sannan aikatau ɗaya na Girkanci yana iya ɗaukar siffofi ɗaruruwa, wasunsu ba su yi kama da tushensu ba ko kaɗan. Wannan sai hadda da maimaici.

Yaya ake furta su? Na ji mutane suna faɗa daban-daban.

A Latin akwai furuci biyu da suka shahara. Na jami'o'i yana ƙoƙarin maido da yadda Romawan dā suke magana. Na coci yana bin bakin Italiyawa, kuma ya bazu ko'ina tun farkon ƙarni na 20, zamanin Fafaroma Pius na 10. A furucin coci, c kafin e ko i daidai yake da c ɗin Hausa, kamar a ciki. G a wannan wuri j ne. Ae da oe duk e ne, don haka caelum, sama, ana cewa celum. Gn kamar ny ne, Agnus ya zama anyus. Ti kafin wani wasali tsi ne, gratia ya zama gratsiya. In don ibada da waƙa kake koyo, wannan za ka bi.

A Girkanci, yawancin makarantu suna bin tsarin da ake dangantawa da Erasmus, wani masani ɗan ƙasar Holan, wanda ya rubuta a kan batun a 1528, domin yana ba kowane harafi sautinsa, rubutu ya zo da sauƙi. Girkawan yau da cocinsu suna da nasu furucin, inda wasula da dama suka koma i, har kalmar mu da ta ku suka zama sauti ɗaya a kunne. Ka ɗauki wanda malaminka ke bi ka tsaya a kai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka riƙa karantawa da murya.

A aikace, ta ina zan fara?

A Latin, ka rubuta Pater noster da Ave Maria da hannunka, layi ɗaya Latin, ƙarƙashinsa Hausa kalma da kalma. Ka yi haka da Gloria da Credo. Kafin ka gama za ka tara kalmomi masu yawa da ba za ka manta ba, tunda kana furta su kowane mako. Sai ka ɗauki littafin nahawu ɗaya ka bi shi daga farko har ƙarshe. Na John Collins da ya fito a 1985 an tsara shi musamman don Latin na coci, seminari da yawa suna amfani da shi. Na Hans Ørberg yana koyar da Latin da Latin zalla ta hanyar labari, abin da ya dace da wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba. Da ka yi 'yan watanni, buɗe Bisharar Yohanna a Vulgata: In principio erat Verbum.

A Girkanci, haruffa 24 ne, mako ɗaya ya isa a san su. Ga lissafin da ke ƙarfafa zuciya: Sabon Alkawari yana da kalmomi kimanin 138,000, amma kalmomi daban-daban da ke ciki ba su wuce 5,400 da 'yan kai ba. Ɗari uku da wani abu daga cikinsu, waɗanda suka fito sau 50 ko fiye, su ne kusan kashi 80 cikin ɗari na dukan rubutun. Ka yanka takarda ƙanana, Girkanci a gaba, Hausa a baya, ka zuba a aljihu. Nassin da masana ke amfani da shi shi ne na Nestle da Aland, bugu na 28 ya fito a 2012. Wani fada ɗan ƙungiyar Jesuit, Max Zerwick, wanda ya koyar a Cibiyar Nazarin Littafi Mai Tsarki ta Roma da aka kafa a 1909, ya bar littafin da ke warware kalmomin Sabon Alkawari aya bayan aya. Ka fara karatu da wasiƙar Yohanna ta fari.

In akwai fada a kusa da ya ratsa seminari, irin ta Waliyi Agustin a Jos ko ta Makiyayi Mai Kyau a Kaduna, ka roƙe shi ya riƙa duba maka aikinka ko sau ɗaya a mako. Mutum uku ko huɗu da za su zauna bayan Misa su karanta aya biyar tare sun fi mutum ɗaya da wayarsa nisa.

Zai ɗauki tsawon wane lokaci?

Da rabin awa kullum, shekara guda takan isa a bi Misa da Bishara a Latin da taimakon ƙamus. Girkanci ya fi cin lokaci, a sa ran shekara ɗaya zuwa biyu kafin Markus ya fara tafiya ba tsayawa. Rabin awa kowace rana ya fi awa huɗu ranar Asabar kaɗai.

Addu'a da Latin ta fi karɓuwa wurin Allah?

A'a, kuma coci ba ta koyar da haka. Misar da aka yi da Hausa a ƙauye cikakkiyar Misa ce. Cikin cocin Katolika kanta akwai cocin Gabas guda 23 da ke ibada da Siriyanci, Kibɗanci, Ge'ez na Habasha, Larabci da sauransu, ba su taɓa zama masu Latin ba. Darajar Latin ita ce haɗin kai da gado: ɗan Kafanchan da ɗan Maraɗi da ɗan Brazil su tsaya wuri ɗaya su rera Credo da murya ɗaya, kuma mu iya karanta abin da magabata suka rubuta ba tare da tafinta ba.

Ni dalilin da ya fi taɓa ni ma na Hausar ne. Dokar coci ta ce a fassara littattafan ibada daga Latin kai tsaye, kuma tun 2017 Fafaroma Francis ya ƙara wa tarukan bishop-bishop na kowace ƙasa nauyin wannan aiki. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, harshe kuma yana tafiya, kowane zamani na bukatar masu gyara. Idan ba mu da 'ya'yanmu da suka sha Hausa a nono kuma suka iya Latin da Girkanci, to kullum ta ƙofar Turanci ko Faransanci nassi zai riƙa shigo mana, kuma a kowace ƙofa akan bar wani abu a baya.

Ni ba fada ba ce, mace ce mai iyali. Wannan karatu ya shafe ni?

Ƙwarai kuwa, mama. Manyan abokan aikin Jerom mata ne. Marsela a Roma tana aika masa tambayoyi masu zurfi a kan nassi. Paula da 'yarta Yustokiyum sun iya Girkanci, suka koyi Ibrananci har suna rera Zabura da shi, kuma dukiyar Paula ce ta gina gidajen ibadar Baitalami inda aka yi aikin. Babu wata doka da ta keɓe harsunan nan ga masu riga. Ba kuma sai Kirista ba: ɗalibin tarihi ko shari'a ko falsafa, kowane addini yake bi, zai amfana.

Akwai abin da zan yi hattara da shi?

Akwai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Bayan wata shida mutum yakan fara jin ya gano kurakuran masu fassara, ya hau mumbari yana cewa asalin Girkancin ba haka ya ce ba. Mafi yawan lokuta masu fassarar sun ga abin da ya gani, sun kuma ga wasu abubuwa goma da bai kai gare su ba tukuna. Ma'anar kalma tana fitowa daga yadda aka yi amfani da ita a jimla, tushenta kaɗai bai isa hujja ba. Ka kuma guji dogara ga littattafan da ke jera fassara ƙarƙashin kowace kalma, domin ido yakan gudu zuwa layin ƙasa ya bar na sama. In ka ga wuri da fahimtarka ta saɓa wa fassarar da ke hannun jama'a, ka rubuta shi, ka kai wa wanda ya fi ka sani kafin ka kai shi gaban ikilisiya.

Ibrananci fa, ba a bukatarsa?

Ana bukata, tunda da shi aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari, da ɗan Aramiyanci a Daniyel da Ezra. Takardar Vatikan na Biyu a kan horar da fadoci, ta 1965, ta ce a ƙarfafa koyon harsunan Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya. Wanda ya san Larabci zai ga dangantaka nan da nan, domin kalmomin duka biyun daga tushe mai baƙi uku suke fitowa, kuma daga dama ake rubuta su. Yawancin ɗalibai sukan sa shi na uku, bayan Girkanci ya zauna.